Noman ciyawar teku: littafin aikin gonar gwaji

11 Janairu 2024

Yau aka tsayar da wurin da gonar za ta zauna. Muna cikin kwanakin da wata ke ɓuya, lokacin da teku ke janyewa har mutum ya taka da ƙafa zuwa inda kwalekwale kaɗai ke isa a sauran ranaku, shi ya sa muka samu damar duba ƙasan da idonmu. Irin wannan babbar janyewa sau biyu take zuwa a wata, in ya ɓuya da kuma in ya cika, kuma da ita ake lissafin duk wani aiki a ruwa mara zurfi.

Abin da muka sa a gaba gonar gwaji ce ta ciyawar teku, tare da wata ƙungiyar mutanen gaɓa, yawancinsu mata, waɗanda kamun kifi ya daina riƙe musu gida kamar da. Tambayar da nake so littafin nan ya amsa guda ɗaya ce: in kuɗin tallafi ya ƙare muka kama gabanmu, za su ci gaba da noman don yana biyansu? In ba su ci gaba ba, komai kyan rahoton da za mu rubuta, ba mu yi komai ba.

Ciyawar teku ba ta da saiwa, ba ta fure. Da dukkan jikinta take shan abin da take buƙata daga ruwa, don haka ba ta neman taki, ba ta neman ban ruwa, ba ta cin gonar kowa. Amma tana da nata sharuɗɗa. Ƙasa ta zama rairayi mai tauri, ba laka ba. Ruwa ya riƙa gudana a hankali yana wanke ta. Gishiri ya tsaya tsakanin giram 30 zuwa 35 a kowace lita, zafi kuma tsakanin digiri 25 zuwa 30 a ma'aunin Salshiyas. Ko a janyewa mafi girma, ruwan da ya rage ya kai kusan gwiwa, don kada rana ta ƙona ta. Akwai wani wuri kusa da gari da matan suka fi so saboda sauƙin tafiya, sai dai ƙasansa cike yake da ciyawar nan mai saiwa da ke tsirowa a rairayi, inda ƙananan kifaye ke fakewa har su girma. Turaku da tattaki za su kashe ta. Muka bar shi, muka matsa gaba, nesa da bakin rafi.

Alƙaluman Hukumar Abinci da Aikin Gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya sun nuna cewa a 2019 an noma kusan tan miliyan 35 na ɗanyar ciyawar teku a duniya, kusan kashi 97 cikin 100 daga Asiya. Sin ita kaɗai ta fitar da fiye da rabi, Indonesiya fiye da rubu'i. Afirka baki ɗaya ba ta kai kashi 1 ba, kuma mafi yawansa daga Tanzaniya yake.

Da na gama wannan bayani, shugabar ƙungiyar, wata dattijuwa da ba ta yawan magana, ta ce: "Ɗan nan, mun ji. To in mun noma, wa zai saya?" Na ce, "Inna, akwai mai saye ɗaya da muka yi magana da shi." Ta ce, "Ɗaya?" Ba ta ƙara komai ba.

26 Janairu

Iri ya iso da asuba, cikin jiƙaƙƙun buhuna, an rufe su daga rana. Ruwan sama ko ɗigon man inji ya taɓa shi ya lalace, don haka aka ware masa gefen kwalekwale shi kaɗai. Iri biyu muka kawo, waɗanda 'yan kasuwa ke kira kotoni da sifinosum, a wurin masana kuma Kappaphycus alvarezii da Eucheuma denticulatum. Ba ƙwayar iri ba ce, reshe ne ake yankowa daga uwa a ɗaure ya ci gaba da girma.

Daga wata gona da ke cikin ruwa ɗaya da namu muka samo shi, da izinin hukumar kula da kamun kifi. Na dage a kan wannan duk da cewa an yi mana tayin wani iri daga waje wanda aka ce ya fi saurin girma. An kai waɗannan ciyayi mashigin Kane'ohe na Hawayi a shekarun 1970, suka kuɓuce daga wurin gwaji suka lulluɓe duwatsun murjani masu rai da ke ƙasan teku. Makamancin haka ya faru a mashigin Mannar da ke kudancin Indiya. Ban da haka, baƙon iri kan zo da cutarsa a jikinsa. Wanda ya shigo da iri ba tare da an killace shi an duba ba, bashi ya ɗaukar wa duk masu cin abinci daga wannan ruwa.

Ɗauri a inuwa ake yi. Mata sun zauna a jere, igiyar nailan a shimfiɗe a cinyoyinsu, kowace na ɗaukar reshe mai nauyin giram 50 zuwa 100 ta ɗaura da siririyar leda mai laushi, ta auna taƙi guda ta ɗaura na gaba. Ƙullin shi ne sirrin aikin. In ya yi tsauri, ledar za ta yanka reshen yayin da yake kauri. In ya yi sako-sako, igiyar ruwa ta tafi da shi. Wata yarinya a cikinsu ta gano yadda za ta yi zarge mai kwancewa da ja ɗaya, wanda zai rage wahala ranar girbi, kafin azahar kowa ya koya daga hannunta. Da ruwa ya janye muka shiga, aka kafa turaku, aka miƙe igiyoyi a bi da bi da hanyar da ruwa ke gudu, sama da rairayi kaɗan. Ba a yi turke ko ɗaya da itacen mangurof ba. A wurare da dama buƙatar turaku ta ci waɗannan itatuwa da ke kare gaɓa daga zaizaya, kuma ba na so a ce gonarmu ta gyara wani abu ta ɓata wanda ya fi shi.

Wannan hanyar noma ba ta daɗe a duniya ba. A ƙarshen shekarun 1960 zuwa farkon na 1970 ne Maxwell Doty na Jami'ar Hawayi da Vicente Alvarez suka daidaita ta a Filifin, daga can ta bazu zuwa Indonesiya, Maleshiya, gabashin Afirka da tsibiran tekun Fasifik.

10 Fabrairu

Tana girma. Rassan sun yi sheƙi, bakinsu ya fito da sababbin tsiro. Mun sa wa wasu dami alama muna auna su a kowace janyewa. Abin da ake nema shi ne ƙarin nauyi na kashi 3 zuwa 5 cikin 100 a rana, kuma sifinosum na cikin wannan iyaka, kotoni na biye. Aikin yanzu girgiza igiyoyi ne don laka ta zube, cire baƙuwar gansakuka da ke manne musu, da maye gurbin damin da ya tsinke. Mun sayo takalman roba masu kaurin ƙasa, saboda ƙayar bushiyar teku ta riga ta sa mutum biyu ɗingishi.

26 Fabrairu

Zafi ya taso, cutar da ake tsoro ta bayyana. Manoman Filifin ne suka raɗa mata suna ais-ais. Wani sashe na reshen sai ya rasa launinsa ya yi fari fat, ya yi laushi, in ka taɓa ya rabu biyu, sauran damin ya bi ruwa. Da tsakar rana, in teku ya janye, ɗan ruwan da ya rage a kan igiyoyi yana ɗumama har ya haura digiri 30 da nisa. Ciyawar ta galabaita, ta fara fitar da wani yauƙi, ƙwayoyin bakteriya da dama can suna cikin ruwan su samu ƙofa. Ba magani ake fesawa ba, don babu shi. Ana yanke ɓangaren da ya yi fari, a kai mai lafiya inda ruwa ya fi sanyi da gudu. Haka muka yi, muka mayar da igiyoyin kotoni bakin wani kwari da ruwa ba ya ƙafewa. Sifinosum ta jure, da ƙyar aka ga tabo a jikinta.

Wanda ya san labarin tsibirin Zanzibar na Tanzaniya ba zai yi mamaki ba. An fara noman kasuwa a can a 1989, a ƙauyukan Paje da Jambiani, da irin da aka kawo daga Filifin, bayan shekarun da Farfesa Keto Mshigeni na Jami'ar Darussalam ya yi yana nuna cewa abin zai yiwu. Noman ya zama na mata, sama da mutum dubu 20 suka shiga, mata da yawa suka fara riƙe kuɗin kansu, suna biyan kuɗin makaranta suna gyara gida. Daga farkon shekarun 2000 ruwan gaɓa ya riƙa ɗumama, kotoni ta riƙa mutuwa a wuraren da a da take yin kyau. Manoma suka koma sifinosum, wadda ta fi juriya amma kuɗinta bai kai na kotoni ba ko kusa. Wahala ɗaya, tafiya ɗaya, ciwon baya ɗaya, kuɗi ya ragu. Wasu suka haƙura da noman ɗungurungum.

Wannan ne ya sa raina ke ɓaci in na ji ana tallar ciyawar teku a matsayin amfanin da sauyin yanayi bai shafa ba. Ya shafe ta, kuma waɗanda ba su da hannu a ɗumamar duniya su ne ke tsaye cikin ruwan suna tsince farin reshe.

12 Maris

Girbin farko. Kwana 45 ne ƙa'ida. In an cire kafin nan, sinadarin da masana'antu ke nema a jikinta bai gama taruwa ba, in an wuce kuma rassan su yi nauyi su fara kakkaryewa. An kwance igiyoyi, an loda a kan buhunan da ke iyo ana ja zuwa gaɓa, don ɗaukar ɗanyar ciyawa a ka na tsawon wannan tafiya shi ke karya ƙugun mata. Kafin a shanya komai, an ware rassa mafi ƙoshi, masu yawan tsiro, aka sake ɗaura su. Wanda ya sayar da mafi kyau ya dasa ragowa, gonarsa baya za ta riƙa yi.

Sai shanya, inda ake samun kuɗi ko a zubar da shi. Mun gina rumfuna masu tsayin ƙugu, aka shimfiɗa raga a kai don iska ta shiga ta sama da ƙasa. Wasu daga cikin matan sun so a baza a rairayi kawai tunda ya fi sauri. Na roƙe su a raba biyu a gani. Bayan kwana uku na rana mai kyau, ta kan rumfa ta fito tsaf, ta koma ruwan hoda da fari-fari, gishiri ya fito a jikinta kamar an barbaɗa gari, in ka lanƙwasa ta ba ta karyewa kuma ba ta jiƙa hannu. Ta ƙasa kuwa ta kwashi yashi da tsakuwa, ɓangaren da ke kwance ya yi duhu yana wari. Gani ya kori ji, ba a sake gardama ba.

Abin da ya fi ba su mamaki shi ne ramar da ta yi. Kilo 8 zuwa 10 na ɗanya ne ke ba da kilo 1 busasshe, domin masu saye na son laimar da ta rage ta tsaya kusan kashi 35 cikin 100. Tulin da ya cika gaɓa da safe ya koma 'yan buhuna. Gara mutum ya san wannan lissafi tun kafin ya shiga ruwa, kada ranar awo zuciyarsa ta karye. Yamma na yi ake rufewa da tamfol, saboda raɓa ko yayyafi ɗaya na wanke gishirin ya rage ingancin kayan.

28 Maris

Mai saye ya zo da sikelinsa. Ya zura hannu tsakiyar buhu, ba sama ba, ya damƙo ya matse, ya girgiza a kan tafinsa ya ga ko yashi zai zubo. Ta kan rumfa ya karɓa ba tare da ragi ba, ta ƙasa ya zaftare mata. Ban ga laifinsa a wannan ba. Inda matsalar take shi ne shi kaɗai ne, farashin da ya faɗa shi ne farashi, kuma ya san ba mu da inda za mu kai. Tambayar da shugabar ƙungiya ta yi mini a ranar farko ke nan.

Bari in rubuta inda kayan nan ke zuwa, don matan sun tambaya kuma haƙƙinsu ne su sani. Ana danne ta a manyan dami a fita da ita zuwa masana'antu, mafi yawansu a Sin, Indonesiya da Filifin, wasu a Turai. A can ake dafa ta cikin ruwan zafi mai sinadarin alkali, dangin kanwa, a wanke, a busar, a niƙa, a fitar da karaginan, sinadarin da ke sa abu ya yi kauri ko ya daskare. Kotoni ke ba da nau'in kappa mai daskarewa da tauri, sifinosum ke ba da iota mai laushi. Karaginan ne ke hana garin cakulan kwanciya a ƙasan madarar kwali, shi ke sa askirim santsi, yana cikin man goge haƙori, naman gwangwani da abincin karnuka da kyanwa. A jikin kwali ana rubuta shi da lambar E407. 'Yan uwansa su ne aga, da ake samu daga Gracilaria da Gelidium wanda ɗakunan gwaje-gwaje na asibitoci ke renon ƙwayoyin cuta a kai, da aljinet daga manyan ciyayi masu ruwan ƙasa na tekuna masu sanyi. Duk matakin da kayan ya taka daga gaɓa zuwa kwali, darajarsa ninkuwa take, kuma kaso mafi ƙanƙanta na wanda ya tsaya cikin ruwa ne.

Farashin ma ba ya zama wuri ɗaya. A 2008 kuɗin kotoni ya yi tashin gwauron zabo cikin 'yan watanni sannan ya faɗo warwas. A tsibirin Nusa Lembongan kusa da Bali a Indonesiya, mutane sun watsar da noman sun koma hidimar 'yan yawon buɗe ido da suka ga ta fi kawo kuɗi, sai da annobar korona ta tsayar da baƙi a 2020 suka dawo kan igiyoyinsu. Na ɗauki darasi biyu daga wannan. Mutum ba ya zama a sana'ar da ba ta biyansa don an ce masa tana da amfani ga muhalli. Kuma gonar teku na iya zama madogara ranar da sauran ƙofofi suka rufe, in dai ilimin da irin ba su ɓace ba.

An yi zama da daddare. An amince ba wanda zai sayar shi kaɗai, a tara a sayar tare. Ƙungiya za ta mallaki sikelinta da littafin awo. Za a gyara ɗakin ajiya mai dandamali, tunda busasshiyar ciyawa na iya yin watanni ba ta lalace ba, wanda zai ba su ikon cewa a'a su jira. Mai sayen ya yi tayin ba da igiyoyi kyauta bisa sharaɗin shi kaɗai za a sayar wa. An gode masa, ba a karɓa ba.

24 Afrilu

Damina ta sauka da ƙarfi. Rafi ya kawo ja-jan ruwa, na'urar auna gishiri ta nuna ya faɗi ƙasa da abin da ciyawar ke jurewa, musamman a saman ruwa, domin ruwan daɗi a sama yake kwanciya. Mun sauke igiyoyi ƙasa kaɗan. Girbi na biyu ya sha wahalar shanya, sai da aka yi wa rumfa ɗaya rufin leda mai haske. An rage yawan dashe, an bar abin da zai riƙe iri kawai har ruwa ya lafa. Ba kowane wata ne na noma ba, kuma duk lissafin ribar da aka yi a kan wata 12 cikakku zai yaudari mai shi.

10 Mayu

Mun yanke shawarar gwada kotoni a ruwa mai zurfi, inda zafi da gishiri ba sa hawa da sauka kamar na gaɓa. Igiyoyi ne masu iyo, an ɗaure su da anga na buhunan yashi, gorunan roba na riƙe su kusa da saman ruwa. A Zanzibar, Dakta Flower Msuya, wadda ta jagoranci kafa gamayyar masu harkar ciyawar teku a 2006, ta daɗe tana ƙarfafa wannan hanya, har aka gwada wata raga mai siffar bututu da aka aro daga Birazil, wadda ake cusa irin a ciki don igiyar ruwa ba ta iya tsinke shi.

Fasahar ba ita ce ke hana ni barci ba. Ruwa mai zurfi na buƙatar kwalekwale da iya iyo, kuma yawancin matan ba su da ko ɗaya. In ba a yi hattara ba, aikin zai koma hannun masu jirage, kuɗin ya bi shi, matan su koma 'yan ɗauri da shanya a kan lada. Sana'ar da suka raina da hannunsu ta suɓuce musu a daidai lokacin da ta fara tsoka. Don haka kwalekwalen da aka saya da sunan ƙungiya aka rubuta shi, an samo rigunan kariya, an kuma samo mace mai koyar da iyo. Shugabar ce ta fara shiga ruwa. Ta ce da sauran, "Ku taso 'ya'yana, in ni na iya, ba wadda za ta ba ni uzuri."

An kuma zauna da masunta. Tsoronsu gaskiya ne: igiya na iya naɗe farfelar inji ko ta yaga taru. An fita tare aka shata hanyar jirage, aka sa tutoci a kusurwoyin gona, aka rubuta yarjejeniya gaban dattawan gari da jami'in hukuma. Teku ba shi da shinge, amma kowane taku nasa akwai mai ci daga gare shi.

8 Yuni

Mun yi baƙi daga wata ƙungiya da ke son a lissafa iskar kabon da gonarmu ke zuƙewa don a sayar da shaidarta ga kamfanonin da ke son biyan diyyar hayaƙin da suke fitarwa. Na karɓe su hannu biyu, amma na gaya musu ra'ayina. Gaskiya ne ciyawar na zuƙar kabon tana girma. Sai dai bayan kwana 45 muna cire ta, a sarrafa, a ci, kabon ɗin ya koma iska. Wanda za a ce an adana shi ne ɗan abin da ya gutsure ya nutse ya binnu a laka ko a can ƙasan teku, kuma auna wannan abu ne da masana kansu ke ta muhawara a kai. Ba zan sa matan nan su ɗora begensu a kan kuɗin da ba a tabbatar da tushensa ba. Amfanin da nake iya tsayawa a kai shi ne wanda ake gani: tana tsotse naitirojin da fosfaras da suka yi yawa a ruwa, ƙananan kifaye na taruwa a ƙarƙashin igiyoyi, kuma ba ta taɓa ruwan sha ko ƙasar noma.

Sun kawo zancen Asparagopsis, jar ciyawar da binciken Ostireliya ya nuna cewa ɗan kaɗan daga cikinta a abincin shanu na iya rage iskar mitan mai ɗumama duniya da suke fitarwa da sama da kashi 80 cikin 100. Wannan gaskiya ne a gwaji, amma wata ciyawa ce dabam, mai wuyar reno, ba a ɗaura ta a igiya da leda kamar tamu. Sun kuma ambaci rahoton Bankin Duniya na 2023, wanda ya ce sababbin kasuwanni goma na ciyawar teku na iya kaiwa dala biliyan 11.8 zuwa 2030. Na karanta shi. Abin da ya fi jan hankalina a ciki shi ne cewa daga cikin waɗanda suka fi kusa da nuna akwai ruwan ƙarfafa tsiro da ake fesa wa amfanin gona, domin wannan abu ne da za a iya fara yin sa a gaɓa.

Ɗaya daga cikinsu ya tambaya me ya sa ake wahalar noma alhali teku na zubar da ciyawa kyauta a wasu gaɓoɓi. Sargasum yake nufi, wata ciyawa mai iyo a saman ruwa, wadda tun 2011 take taruwa a tekun Atlantika daga gaɓar Afirka ta Yamma har Karebiyan, ta haura tan miliyan 20 a 2018. Tana zuwa ba sanarwa, tana ruɓewa da wari mai cutarwa, kuma sau da yawa tana ɗauke da gubar asenik, don haka ba a ba dabba ko a zuba a gona sai an gwada. Ba a gina sana'a a kan abin da ba ka san ranar zuwansa ko abin da ke cikinsa ba.

6 Yuli

An girbe kotonin ruwa mai zurfi. Rassan sun fi na gaɓa kauri nesa ba kusa ba, ba farin tabo ko ɗaya. Amma yanzu lokacin sanyin ruwa ne, har ta gaɓa ma ta farfaɗo, don haka ba zan ce komai ba sai igiyoyin nan sun ratsa zafin Fabrairu da Maris.

Kifin nan mai cin ganye da masana ke kira Siganus ya gano gonar, yana cinye bakin tsiro. Masunta sun kafa tarkonsu na kwando a gefe, abin da ya rage ɓarnar ya kuma sa suka fara kallon gonar da idon rahama. Kunkurun teku ma ya leƙo, shi kam ba a taɓa shi, doka ta kare shi.

Abin da ke damuna shi ne leda. Ɗaurin da muke amfani da shi na gutsurewa, gorunan roba na fashewa a rana. Yanzu duk wadda ta shiga ruwa da buhun shara take fita, kuma ana ƙirga ledar ɗauri a shiga da fita. Mun fara gwada madauki na siririyar igiya da ake saƙawa a jikin babbar, wanda ke yin girbi da yawa ba a canza ba.

20 Agusta

Mai saye na biyu ya zo ya ga ɗakin ajiya, ya ɗauki samfuri zuwa gwajin ƙarfin daskarewa. Jin labarin zuwansa kaɗai ya sa na farkon ya sassauta murya.

An fara sarrafa kaɗan a nan. An wanke sifinosum da ruwan daɗi, an busar har ta yi fari, an niƙa ta gari, ana haɗa sabulu da shi kamar yadda ƙungiyoyin mata ke yi a Zanzibar. Ana kuma matse ɗanyar kotoni a tace ruwanta don gwajin fesa wa kayan lambu, tare da kwatanta layin da aka fesa da wanda ba a fesa ba. Ba na tsammanin sabulu zai shanye girbin gari guda, kasuwarsa ƙarama ce kuma sai da rajistar hukuma kafin ya shiga kanti. Babban kuɗin zai ci gaba da fitowa daga busasshiyar ciyawa mai tsafta da aka sayar tare. Masana'antar niƙa kuwa sai garuruwa da yawa sun haɗa kayansu, da wutar lantarki da ruwa da hanyar zubar da dagwalon alkali ba tare da an kashe gaɓar ba.

Iri shi ne abin da na fi ba wa lokaci yanzu. Kusan duk kotonin da ake nomawa a duniya reshe ne daga reshe, daga 'yan tsirarun iyaye da aka zaɓa shekaru 50 da suka wuce, shi ya sa cuta ɗaya ko zafi ɗaya ke kwantar da gonaki a jere. Japan ta taɓa shiga irin wannan hali da ciyawarta ta nori, girbi ya riƙa faɗuwa ba a san dalili ba, har sai da masaniyar Ingila Kathleen Drew-Baker ta wallafa a 1949 cewa wani mataki na rayuwar ciyawar a cikin ɓawon kawa yake. Daga nan aka iya renon iri a tanki, noman ya tashi, kuma har yau ana tunawa da ita kowace 14 ga Afrilu a garin Uto. Mu ba mu da ɗakin bincike, amma mun ware igiyoyi a wuri mafi sanyi don iri kaɗai, ba a sayar da su ko farashi ya hau, kuma ana sa wa damin da ya tsallake zafin bana alama don a ci gaba da yaɗa shi. Mun rubuta wa sashen nazarin teku na wata jami'a muna neman su duba ko akwai 'yan asalin wannan ruwa da za a iya renonsu.

Daga wata mai zuwa littafin awo da na auna zafi za su koma hannun mata biyu da ƙungiya ta zaɓa, ni zan riƙa dubawa ne kawai. Kafin Disamba ana so a ƙara anga a gonar ruwa mai zurfi, a yi wa sauran rumfuna rufi, rukuni na biyu kuma su gama koyon iyo. Sakamakon gwajin samfuri zai fito kafin janyewar tsakiyar Satumba.